Kulle Layi Kafin Kulle Waya: Yadda Za Ka Tsare WhatsApp da Bayananka Daga Masu Kutse

Wata Laraba, ana dab da kiran magariba, wani ya kira ƙanwar mahaifiyata a waya. Ya yi sallama cikakkiya, ya kama sunanta, ya ambaci zauren WhatsApp na Islamiyyarsu, ya ce da daddare za a yi zaman gaggawa ta intanet kan tallafin marayu, kuma an tura wa kowa lambar shiga. "Hajiya, duba saƙo ki karanto min lambobin nan shida in sa sunanki." Ta karanto. Kafin ta shafa addu'a mutum huɗu sun kira suna tambayar asibitin da aka kwantar da ita, ɗaya ma har ya tura kuɗi wani asusun da ba nata ba.

Ba wanda ya taɓa wayarta, kuma mai kiran ba wani gwanin kwamfuta ba ne. Ladabi kawai ya yi mata, ita kuma ta miƙa masa mukulli. Mukullin nan shi ne lambar waya. A yau WhatsApp ɗinka, asusun bankinka, Gmail, Facebook, NIN da BVN, duk a jikin layi ɗaya suke rataye. Shi ya sa jagorar nan ta fara daga layi, ba daga waya ba. Ka ware awa ɗaya, ka nemo biro da littafin da ba ya fita daga ɗaki, ka bi aikin a jere. Sunayen wurare a cikin saitin waya zan rubuta su yadda za ka gan su a allo, domin yawancin wayoyinmu da Turanci suke.

Mataki na farko: layin kansa

Ɓarawon waya na yanzu ya fi son layi a kan wayar. Waya zai sayar da ita a wulaƙance. Layi kuwa zai zare shi ya sa a ƙaramar waya mai tocila, nan take duk wani makulli da zanen yatsa da ka sa wa babbar wayar sun tashi a banza. Daga nan sai ya shiga latsa lambobin bankuna ɗaya bayan ɗaya har ya gano inda kuɗinka yake, ya ciro BVN ɗinka, ya karɓi duk lambar sirrin da banki zai turo.

Maganin wannan tsohon abu ne da kusan kowa ya manta da shi: fin ɗin layi. Da zarar ka kunna shi, duk wayar da aka sa layin sai ta nemi lambar kafin ya kawo sabis.

Kafin ka taɓa komai, nemo lambar PUK. Lambobi takwas ne, suna jikin katin robar da aka ɓalle layin daga ciki. In katin ya ɓata, ofishin kamfanin layinka ko manhajarsu za su ba ka. Rubuta ta a littafi. Dalili kuwa, in ka yi kuskuren fin sau 3 layin zai kulle sai da PUK, in ka yi kuskuren PUK sau 10 layin ya mutu ke nan, sai an yi maka sabo.

Sannan shiga Settings, a wurin bincike rubuta "SIM lock" ko "SIM PIN". A Tecno, Infinix, itel da Samsung yana ƙarƙashin Security. A iPhone yana ɓangaren layi. Kunna shi. Zai nemi fin ɗin asali na kamfani, wanda ake samu a jikin katin ko a wurin masu kula da abokan hulɗa. Kada ka yi ta canki-canka. In ya karɓa, canza shi zuwa naka. Ban da shekarar haihuwa, ban da 1234, ban da ƙarshen lambar wayar.

Sai ka latsa ##002# ka kira. Wannan yana soke duk wani karkatar da kira da aka sa a layinka. Akwai masu damfarar da ke cewa ka latsa wata lamba mai farawa da **21* a biyo da lambar waya, wai don ka karɓi kyautar data ko a gyara maka sabis. Kana latsawa kiranka ya koma wurinsu, sai su nemi WhatsApp ta karanto lambar shiga ta hanyar kira, ta faɗa kunnensu.

Abu na ƙarshe a nan shi ne wanda ya fi ci wa mata da dattawa tuwo a ƙwarya. Da sunan wa aka yi rajistar layin? Tun Disambar 2020 da gwamnatin Najeriya ta tilasta haɗa layi da NIN, mutane da yawa suka ba da na miji, na ƙane, ko na yaron shago, don dai kada a rufe musu layi. Ranar da waya ta ɓata aka je welkam bak, wato karɓo sabon layi mai tsohuwar lambarka, sai a ce mai NIN ɗin ne zai zo da kansa. In yana Legas, ko kun ɓata, ko ya rasu, ka shiga uku. Je ofishin kamfanin tun kana da layin a hannu, a mayar da shi kan sunanka. Haka nan tsohon layin da ka yar: kamfani na sake sayar da layin da ya daɗe ba a amfani da shi, kuma wanda ya saya shi zai riƙa samun alat ɗinka in ba ka canza lamba a banki ba.

Mataki na biyu: WhatsApp

Akwai lambobi shida iri biyu a WhatsApp, kuma ruɗa su shi ne tushen bala'in. Na farko su ne waɗanda kamfanin ke turowa ta tes idan ana son buɗe asusunka a sabuwar waya. Idan suka shigo alhali ba kai ka nema ba, to wani ne yake ƙoƙarin shiga. Ba shugaban zaure, ba ma'aikacin banki, ba ma'aikacin WhatsApp, babu mahalukin da ke da hurumin jin su. Na biyu kuwa kai kake ƙirƙirarsu, su ne sakata ta biyu a bayan ƙofa.

Ga yadda ake sa sakatar: Settings, sai Account, sai Two-step verification, ka kunna. Sa lambobi shida da za ka iya tunawa amma wani ba zai hasaso ba. Zai nemi adireshin imel. Kada ka tsallake, domin ta nan za ka dawo in ka manta. Tun 2017 tsarin nan yake, amma ka tambayi mutum goma a majalisarku ka ji nawa suka kunna. Da a ce Hajiya ta kunna, ko ta karanto lambobin farko ɓarawon zai tsaya cak a bakin ƙofa. WhatsApp zai riƙa tambayarka fin ɗin jefi-jefi don kada ka manta. Kada hakan ya ba ka haushi har ka kashe. In ka ga Passkeys a shafin Account, kunna shi ma, yana ɗaure shiga asusun da zanen yatsanka ko fuskarka.

Daga nan buɗe Linked devices. WhatsApp na barin a haɗa asusu ɗaya da na'urori har 4 ban da wayarka, kuma wanda aka haɗa yana karanta hirarka kai tsaye ba tare da an fitar da kai ba. Wannan ita ce hanyar ɓarawon cikin gida: wanda ya ce ara min wayarka in yi kira, ko mai shagon kwamfuta da ka buɗe WhatsApp a na'urarsa don a buga maka takarda ka tafi ba ka rufe ba. Duk abin da ba ka gane ba a jerin, latsa shi ka fitar.

Yanzu maganar da na san ba za ta yi wa wasu daɗi ba: GB WhatsApp da 'yan'uwansa. Na san daɗinsu, ka ga saƙon da aka goge, ka kalli sitatus ba a san ka kalla ba. Amma ba kamfanin WhatsApp ya yi su ba, ba a Play Store suke ba, kuma ba ka san wanda ya haɗa kwafin da aka tura maka ta Xender ba. Kana ba wa baƙon da ba ka taɓa gani ba hotunan iyalinka da hirarka don ka ɓoye cewa kana kan layi. Ga shi kamfanin na rufe asusun da ya kama yana amfani da su. Koma na asali.

Sai ɓangaren Privacy. A Groups, mayar da shi My contacts, don kada kowane ɗan damfara ya jefa ka zauren "zuba dubu biyar ka kwashi hamsin". Hoton fuska da About, su ma mayar da su ga waɗanda ke cikin wayarka kaɗai; da hoton nan ake buɗe wani asusu a riƙa roƙo da sunanka. A Calls akwai Silence unknown callers, wanda ke hana kiran baƙuwar lamba yin ƙara amma yana nuna maka an kira. Ɗan kasuwar da ke jiran kiran sababbin kwastomomi sai ya auna kafin ya kunna wannan.

Sai ajiyar hira. Tun 2016 saƙonnin WhatsApp a rufe suke tafiya daga waya zuwa waya, ko kamfanin ba ya iya karantawa. Amma kwafin da ake ajiyewa a Google Drive ko iCloud ba ya samun wannan rufin sai ka kunna da kanka. Shiga Chats, sai Chat backup, sai End-to-end encrypted backup. Ka rubuta kalmar sirrin a littafinka, domin in ta ɓata babu mai dawo maka da hirar, har su kansu.

Kada kuma a ɗauka rufe saƙo na nufin kamfanin bai san komai game da kai ba. Bai ga abin da ka rubuta ba, amma ya san lambarka, irin wayarka, da lokutan da kake hawa. Kan irin waɗannan bayanai ne aka yi ta ce-ce-ku-ce a Janairun 2021, lokacin da WhatsApp ta fito da sababbin sharuɗɗa na ko ka yarda ko ka bari, mutane suka yi ta ƙaura zuwa Signal da Telegram. Hirar da kake yi da Meta AI, na'urar amsa tambayoyi da kamfanin ya sa a cikin WhatsApp, ita ma daban take da hirarka da ɗan'uwanka: da kamfanin kake magana. Kada ka zuba masa lambar asusu ko sirrin gida.

Mataki na uku: wayar

Sa fin mai lamba shida, ka bar zanen nan na haɗa ɗigo. Wanda ke bayanka a Adaidaita Sahu kallo ɗaya zai yi ya haddace. Sannan shiga Notifications ka hana a nuna abin da saƙo ya ƙunsa idan waya na kulle. Me ye amfanin kulle waya in lambar sirrin banki na fitowa ɓaro-ɓaro a kan allo?

Latsa *#06# ka kwafe lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, a littafi. Ita za a tambaye ka in ka kai rahoton sata.

Ga tambayar da ke sa mutane yin shiru: wa ya buɗe maka Gmail? Da yawa a wurin sayen waya aka buɗe musu, a Farm Centre ta Kano ko makamanciyarta, yaron shago ya zaɓi kalmar sirri, sau tari ma lambar wayar mai ita ce ya sa, mai waya ya tafi bai ko tambaya ba. A cikin Gmail ɗin nan lambobin mutanenka suke, da hotunanka, da ajiyar WhatsApp. Shiga Settings, sai Google, sai sarrafa asusu, sai Security. Canza kalmar sirri, duba lambar waya da imel ɗin da aka sa na dawo da asusu ka tabbata naka ne, ka kunna tabbatarwa mai hawa biyu. A nan kuma ka tabbata Find My Device, wanda Google ta sauya wa suna zuwa Find Hub a 2025, a kunne yake. Da shi za ka iya kulle wayar ko ka goge ta daga nesa. Sababbin wayoyin Android na da Theft protection, mai kulle allo da kansa in ya ji alamar an fizge waya an ruga.

In za ka kai gyara, zare layi da memori, kuma in gyaran ba ya buƙatar buɗe waya kada ka ba da fin. In za ka bar ta wurin masu caji, kashe ta gaba ɗaya. Da fin ɗin layi a kunne, ko an zare shi ba zai yi amfani ba.

Mataki na huɗu: manhajojin da ke leƙe

Shiga Settings, sai Privacy, sai Permission manager. Buɗe Contacts, SMS, Location, Microphone da Camera ɗaya-ɗaya, ka ga su wa ka ba izini. Tambaya ɗaya za ka riƙa yi: aikin manhajar nan na buƙatar wannan? Taswira na buƙatar sanin inda kake. Manhajar tocila ko ta wasa ba ta da abin yi da tes ɗinka. Ƙwace izinin, in ta ƙi aiki goge ta.

Waɗanda suka fi ɓarna su ne manhajojin ba da bashi. Za su ba ka dubu goma cikin minti biyar, amma kafin nan sun kwashe lambobin wayarka kaf. Ka makara kwana biyu, sai surukinka da limamin unguwarku su samu saƙo cewa kai ɓarawo ne ana nemanka. Abin ya yi ƙamari har Google ta hana manhajojin bashi da ke Play Store taɓa lambobi da hotunan mutane daga 31 ga Mayun 2023, hukumar kare masu saye ta Najeriya, FCCPC, kuma tana da jerin waɗanda ta yi wa rajista a shafinta. Saboda haka duk manhajar bashin da aka turo maka ta mahaɗi a WhatsApp, ko ta nemi ganin lambobinka, ka san ta bayan gida ta shigo.

Haka mahaɗan "tallafin gwamnati" da "kyautar data ta Sallah" masu cewa ka tura wa zaure biyar kafin a ba ka. Fom ɗin da ke neman BVN, ranar haihuwa da lambar katin ATM a shafi ɗaya ba tallafi ba ne.

Truecaller kuwa, manhajar nan mai nuna sunan mai kira, yana da amfani, ba musu, amma ka san cewa sunayen da yake nunawa daga wayoyin mutane aka tattaro su. Ko ba ka taɓa sauke shi ba, wataƙila sunanka na ciki yadda wani ya ajiye ka. Suna da shafin cire lamba ga wanda ba ya so.

Ƙananan abubuwa biyu: a Android, cikin Privacy akwai Ads, inda za ka goge lambar da masu talla ke bibiyarka da ita, a iPhone kashe izinin Tracking, wanda Apple ta kawo a 2021. Don rage tes ɗin talla kuma, tura STOP zuwa 2442 a kowane layin Najeriya.

Abin da doka ta ba ka

A Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan dokar kare bayanan jama'a, wadda ta kafa hukumar NDPC. Dokar ta ba ka damar tambayar kowane kamfani, banki, makaranta ko asibiti abin da suka ajiye game da kai, ka sa a gyara kuskure, ka janye amincewarka, ka nemi a goge in babu dalilin doka na riƙewa. Hukumomin kuma sun fara nuna haƙora: a Yulin 2024 FCCPC ta ci Meta, mai Facebook da WhatsApp, tarar dala miliyan 220 kan yadda take sarrafa bayanan 'yan Najeriya, kotun sauraron ƙorafin gasa ta tabbatar da tarar a Afrilun 2025. A Turai ma, inda dokar kare bayanai ta GDPR ke aiki tun 2018, an ci kamfanin Yuro biliyan 1.2 a 2023. Mutanen Nijar na da tasu hukumar, HAPDP, Ghana kuma na da dokarta tun 2012.

In za ka yi amfani da wannan dama, rubuta wa kamfanin tukuna: sunanka, abin da ya faru, ranar da ya faru, da abin da kake so a yi. Ɗauki hoton allo na duk saƙon cin mutunci ko na talla, ka adana. In suka yi biris, kai ƙorafi NDPC tare da kwafin wasiƙarka. Matsalar kamfanin layi kuma, bayan ka kai musu sun gaza, kira hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, a 622.

Ni dai a ganina tarar miliyoyin daloli ba ta dawo wa talaka da dubu ashirin ɗinsa. Ihu ne bayan hari, ko da yake ihun na rage hari na gaba. Kuma babu dokar da za ta bi ka shagon fotokofi. Kwafin NIN ɗin da ya fito da duhu aka jefar a kwando, gobe da shi za a ƙunshe wa wani ƙosai. Karɓi abinka ka yaga. A wurin mai POS kuma, kai za ka latsa fin da hannunka, ba faɗa za ka yi ba.

Idan an riga an shiga

In WhatsApp aka ƙwace amma layi na hannunka, kada ka tsaya jimami. Buɗe manhajar, sa lambarka, nemi a turo lambobi shida ta tes, ka shigar. Kana shigarwa an fitar da ɓarawon, domin lamba ɗaya ba ta zama babban asusu a waya biyu. Wani lokaci zai ce ka jira wasu awanni kafin a sake turowa. Jira, kada ka yi ta latsawa. In ɓarawon ya riga ya sa nasa fin na hawa biyu, za ka yi haƙurin kwana 7 kafin ka shiga, amma shi ma yana waje tun lokacin da ka sa lambar tes. A tsakanin nan kira mutum biyu ko uku masu yawan jama'a, su sanar a zaurukan da kake ciki da sitatus ɗinsu cewa kada kowa ya tura kuɗi. Kana komawa, duba Linked devices da imel ɗin da ke jikin asusun, ka cire duk abin da ya bari.

In wayar ce gaba ɗaya ta tafi, banki za ka fara, ba ofishin 'yan sanda ba. Kowane banki na da lambar da ake latsawa daga kowace waya a toshe asusu, da lambar kiran gaggawa. Nemo na bankinka yau ka rubuta a littafin nan, don ranar da abin ya faru ba za ka samu natsuwar nema ba. Bayan banki sai kamfanin layi a toshe layin a yi welkam bak. Sai ka ari waya ka shiga Gmail ɗinka, ka kulle ko ka goge wayar, ka canza kalmar sirri. Sannan rahoton 'yan sanda da lambar IMEI.

Wanda ya tura wa ɓarawo kuɗi shi ma ya kira bankinsa nan take, ya ba da lambar asusun da ya tura da shaidar turawa, ya nemi a sanar da bankin da ya karɓa. Sauri ne kaɗai ke ba da damar a riƙe kuɗin kafin a kwashe. Wanda ya tura kuɗi don Hajiya sai washegari da hantsi ya je banki, ya tarar an riga an cire. Ita kuwa a rana ta takwas ta koma WhatsApp ɗinta, ta tarar an fitar da ita daga zauren Islamiyyar, sai da malamarsu ta ji muryarta a waya kafin ta yarda ta mayar da ita.